Mahaifina yana ramewa bayan shanyewar ɓarin jiki: abinci ne ko launin fata?

Ɗiyar Malam, daga Zariya:

Assalamu alaikum. Watanni huɗu ke nan da mahaifina, mai shekara 68, ya samu shanyewar ɓarin jikinsa na hagu, bayan ya daɗe yana fama da hawan jinin da bai cika kula da shan maganinsa ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti muka yanke masa nama da ƙwai da mai da gishiri, saboda tsoron kada ciwon ya sake tashi, don haka abincinsa ya koma kunu da safe, sai ɗan tuwo da miyar kuka lami da dare, wanda ko rabi ba ya ci. Agogon da ya saba ɗaurawa yanzu zamewa yake yi har tsakiyar hannu, kuma mai gashin ƙashi da ke zuwa gida ta ce ba ya iya tsayuwa minti biyu ba tare da ƙafarsa mai lafiyar ta fara rawa ba. Yayana da ke Amurka ya ce can an tabbatar baƙar fata ba su murmurewa kamar Turawa, wai abin a jini yake, mu yi haƙuri kawai. Shin gaskiya ne, ko kuwa mu ne muke kuskure a wajen abincinsa?

Likitan Jojiya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ina aiki a jihar Jojiya, ɗaya daga cikin jihohin kudu maso gabashin Amurka, irin su Alabama da Misisifi da Karolina ta Kudu, inda wannan ciwo ya fi kashe mutane. Rabin maganar yayanki gaskiya ce: baƙaƙen Amurka sun kusa ninka Turawa wajen haɗarin samun shanyewar jiki karo na farko, yakan same su da ƙarancin shekaru, kuma bincike da dama ya nuna cewa waɗanda suka rayu a cikinsu sun fi samun wahalar tafiya da wanka da sa tufafi. Inda na saɓa masa shi ne cewa da ya yi abin a jini yake.

Akwai babban bincike mai suna REGARDS da Jami'ar Alabama ta Birmingham ta fara a 2003, wanda ya bi diddigin mutane kimanin 30,000, baƙaƙe da farare, masu shekara 45 zuwa sama. Abin da ya fito fili shi ne hawan jini da ciwon sukari da ƙarancin kuɗin shiga su suka ɗauki kaso babba na wannan rata, haka kuma irin cimar kudancin ƙasar, wato soye-soye da naman da aka sarrafa da gishiri da lemuka masu zaƙi. Tun a 1997 ma, Richard Cooper da abokan aikinsa sun auna jinin baƙaƙen fata masu tushe ɗaya a nahiyoyi daban-daban, suka samu hawan jini a wajen kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karibiyan, kashi 33 a Amurka. Da fatar ce kaɗai ke jawo shi, da ba a ga wannan hauhawar ba. A nan Amurka, kalmar “baƙar fata” a takardar bincike tana ɗauke da unguwar da mutum ya tashi, da inshorar lafiyarsa, da ko ya samu gashin ƙashi a kan lokaci, waɗanda duk ba su bayyana halin dattijon da ke kwance a Zariya.

Wuri guda da asali yake da tasiri a aikace shi ne zaɓen magani. Gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin magungunan hawan jini da ke da maganin amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙaƙen Afirka. Wannan magana ce tsakaninku da likitansa, kada a canja masa komai a gida.

Malamar Cima, daga Kano:

Ɗiyar Malam, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma abin da kika bayyana yunwa ce, ko da yake ƙauna ce ta jawo ta. Na ga irin wannan a gidaje da yawa: ana gudun ciwo na biyu, sai a hana majiyyaci duk abin da zai gina masa tsoka, alhali kwanciya ita kanta cinye tsoka take yi, har a ɓarin da bai shanye ba. Rawar da ƙafarsa ta dama ke yi alama ce ta hakan, kuma mai gashin ƙashi ba ta da abin da za ta yi aiki da shi idan naman jikin ya zube. Kunu zalla ruwa ne da gari, yana cika ciki ba ya gina jiki.

Dattijo marar lafiya yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, matuƙar ƙodarsa lafiya take, shi ya sa ya kamata a fara gwada ƙodar. Idan Baba kilo 60 ne, ana maganar giram 72 ko fiye, alhali ƙwai ɗaya giram 6 kawai yake bayarwa. Ki dama masa kunun gyada da madara, ki ba shi alale da awara da faten wake da kindirmo marar sukari, ki marmasa kifi a cikin miya bayan kin tsince ƙaya. Dafaffen ƙwai ɗaya a rana ba abin tsoro ba ne ga yawancin masu irin lalurarsa. Gara ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar da a ajiye masa malmala biyu ya kalle su ya kau da kai.

Gishiri kuwa ragewa ake yi, ba a mayar da miya ruwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma a lissafa har da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin dukansu suna da sinadarin da ke ɗaga jini. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa za su dawo masa da sha'awar ci. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa rashin cin ganye da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon, don haka zogale da rama da alayyafo su riƙa shiga tukunyarsa. Sai dai idan yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ki sanar da likita kafin ki ƙara ganye.

Baban Sadiƙ:

Ranki ya daɗe Malama, abu ɗaya kika tsallake wanda ya kusa raba mu da mahaifiyata. Mun ɗauka ƙin abinci take yi, ashe haɗiya ce ke ba ta wahala, sai da ta riƙa ƙwarewa da ruwa, ruwan yana gangarawa huhu, ta kamu da nimoniya. Likitan ya gaya mana kusan rabin masu wannan ciwo suna samun matsalar haɗiya a farkonsa. Ɗiyar Malam, ki lura ko Baba yana tari idan ya sha ruwa, ko muryarsa tana canjawa bayan ya ci, ko abinci yana maƙalewa a kuncinsa na hagu. Kada a ba shi komai a kwance, kuma ya ci gaba da zama a miƙe kamar rabin awa bayan ya gama.

Ɗiyar Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Sadiƙ, jiya da dare na duba bakinsa bayan ya gama ci, na tarar da tuwo cunkushe a kuncin hagu, kuma tarin da muke cewa mura ce, sai ya sha ruwa yake yinsa. Ranar Litinin za mu koma asibiti a duba haɗiyarsa da ƙodarsa, kuma na ari ma'auni a wajen maƙwabta domin in riƙa rubuta nauyinsa kowace Juma'a. Yau da safe na zaunar da shi a kujera, ya ci alale ɗaya da rabi a hankali, har ya tambaya ko akwai yaji.