Neman kalma: me za mu kira "neuropeptide" a shirin masu kiwon kaji?

Mai shirin rediyo, Zango:
Salamu alaikum malamaina. Ina haɗa bayani kan garkuwar jikin kaza domin masu kiwo na nan Damagaram, sai wata kalma ta tsaya mini a maƙoshi: neuropeptide. Takardun da ke hannuna duk na Faransanci ne. Abin da na gane shi ne, wasu ƙananan sinadarai ne da jijiya ke saki, kuma ana samun jijiyoyin da ke ɗauke da su har cikin saifa, da timus, wata gaɓar garkuwa da ke jere a wuyan kaza, da ƴar jakar nan ta saman dubura. In na ce "niropeptid" a rediyo, mai sauraro a Mirriah ko Magaria bai ƙaru da komai ba. Na rubuta "sinadarin jijiya", amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Likitan bisashe, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiyarka da ranka bai kwanta ba, domin sinadaran da jijiya ke saki suna da yawa, ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu gaggawa, kamar wanda ke sa tsoka ta motsa: su kai saƙo daga bakin jijiya zuwa maƙwabciyarta, cikin ƙiftawar ido an gama. Wanda kake tambaya ba haka yake ba. Gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, an jera su kamar ƴaƴan carbi. Wanda ake kira sinadarin P, da aka gano a 1931, ƴaƴansa 11. Wani kuma mai suna VIP, da aka fara cirowa daga hanjin alade a 1970, nasa 28. Suna yin nisa da inda aka sake su, aikinsu a hankali yake, kuma yana daɗewa. Su buɗe hanyar jini, su ƙara kumburi ko su lafar da shi, su taɓa yadda ƙwayoyin garkuwa ke aiki.

Ita kuwa jakar, kada ka wuce ta da sauri. Fabrishiyus, masanin sassan jiki na Italiya, shi ya siffanta ta, aka buga bayaninsa a 1621 bayan rasuwarsa. Sai a 1956 Bruce Glick a Amurka ya nuna cewa ɗan tsakon da aka cire masa ita ba ya iya haɗa makaman kariya yadda ya kamata. A cikinta ƙwayoyin B masu haɗa makaman nan ke nuna, daga sunanta na Latin ma, bursa, aka ɗauko harafin. Ita ce ciwon Gumboro ke lalatawa, yawanci tsakanin sati 3 zuwa 6 na tsako. Ni dai "manzon jijiya" na saba faɗa wa ɗalibai masu zuwa koyon aiki.

Malamin Hausa, Birni:
Likita, Allah shi ƙara sani. Sai dai "manzo" ina ganin mu bar shi inda yake. Kalma ce mai nauyi a kunnen Musulmi, bai dace a ji ta haɗe da duburar kaza a rediyo ba.

Matsala ta biyu ita ce "jijiya" kanta. Bahaushe jijiya yake kiran hanyar jini, jijiya yake kiran agara, jijiya yake kiran wadda ta taso daga laka. Mahauci a kasuwar Dole ya ce nama ya yi jijiya, ba wadda muke nufi yake nufi ba. Dole a farkon shiri ka faɗa sau ɗaya cewa jijiyar laka kake nufi, mai ɗaukar ji da motsi.

Amma bayanin likita ya ba ni abin da nake nema. A fada akwai ɗan aike, akwai jakada. Ɗan aike yaro ne da ake tura wa maƙwabci, ya faɗi magana ɗaya ya juyo. Jakada kuwa wata ƙasa ake tura shi, ya zauna, ya yi magana da sunan wanda ya aiko shi, maganarsa ta sauya yadda mutanen can ke tafiyar da al'amari. To ai jijiya ƙasa guda ce, garkuwar jiki wata ƙasa. Shawarata: masu gaggawa su zama ƴan aiken jijiya, wannan kuma jakadan jijiya, jam'i jakadun jijiya.

Hajiya mai kiwon kaji, Garin Malam:
Malam, jakada ta shiga kunnena, don ko a ƙauye an san shi. Abin da nake so in ji, wannan jakadan yana da wani aiki da ni mai kiwo zan gani da idona? Bara Gumboro ta shiga mini tsaki, na ga jakar da likita ke faɗa ta kumbura lokacin da aka buɗe ɗaya. Shi kuwa wannan ban san ta ina zan gane shi ba.

Likitan bisashe:
Hajiya, kullum kina ganin aikinsa. Kazar da ta shiga kwanci, ta daina ƙwai, ta kafe kan gurbi tana hura gashi, VIP ne daga ƙwaƙwalwarta ya sa aka saki sinadarin prolaktin da ke jawo hakan. Jakada ɗaya ne, a kai yana da aiki, a hanji yana da aiki, a gaɓoɓin garkuwa ma haka.

Malam, na janye manzo. Ƙorafina ɗaya: "jakada" ta faɗi aikin abin, ba ta faɗi ƙirarsa ba. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da zai zauna jarrabawa da Faransanci yana bukatar sanin cewa sarƙar amino asid ce.

Malamin Hausa:
Ba kalmar da ke ɗaukar kayanta duka a ka, likita. A rubutu, karon farko a ce jakadan jijiya, wato niropeptid, a bi shi da bayanin carbin nan naka. Daga nan Hausar kaɗai ta wadatar.

Mai shirin rediyo:
Na gode iyayena. Jakadan jijiya zan yi amfani da shi, kuma da kazar kwanci zan buɗe shirin kafin in gangaro kan jakar Fabrishiyus da rigakafin Gumboro. Saura timus: na ji wasu na cewa kaluluwar wuya, amma kaluluwa a wajenmu kumburi ce, ba gaɓa mai lafiya ba. Likita, in ka samu sarari ranar Alhamis bayan kasuwa, ina so mu buɗe kaza ɗaya tare in gan shi da idona kafin in sa masa suna.