Neman shawara: wace bindiga mai sakata zan saya don farautar barewa?

Assalamu alaikum, manyanmu maharba. Na kammala horon tsaro, lasisina ya fito, saura sayen bindiga, kuma nan ne kaina ya ɗaure. Na tsaya a kan mai sakata, wadda ake ja da hannu a fitar da kwanso a ɗora wani harsashi. Barewa kawai zan nema, a dajin da da wuya mutum ya hangi dabba fiye da mita 150. Wani abokina ya nace sai mai ɗaukar babban harsashin nan, .300 Winchester Magnum, wai ita ce ba ta barin dabba ta tashi. Na harba tasa sau uku, kwana biyu kafaɗata tana tsami. Ni ba mai jiki ba ne. Guda ɗaya nake so in saya, ta daɗe tare da ni. Ku taimaka mini da shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka riga ka ba kanka amsa ba ka sani ba. Bindigar da ta sa ka kwana biyu kana jinyar kafaɗa ba taka ba ce. Matsalar ba ciwon ba ne kaɗai. Idan jiki ya san duka na zuwa, sai ya riƙa zabura kafin kunama ta saki, ka runtse ido, hancin bindiga ya sunkuya, harsashi ya tafi inda ba ka aike shi ba. Wannan ɗabi'a tana shiga mutum da sauri, fitarta kuwa sai an wahala. Na ga ƙarti da ta lalata wa saiti.

Inda ake so a samu a jikin barewa shi ne huhu da zuciya, bayan ƙafar gaba, wurin da faɗinsa bai wuce kamar santimita 20 ba. Ƙaramin harsashi a nan ya fi babba a ciki ko a cinya. Magnum an yi ta ne don manyan dabbobi da nisa mai yawa. A mita 150 abin da za ta ƙara maka shi ne ƙara, da tsadar harsashi, da ɓarnar nama.

Ni .308 Winchester zan ce maka. Tun 1952 take kasuwa, harsashinta ba ya wuyar samu, mai nauyin giren 150 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) ya ishe ka kowace barewa. Kwansonta gajere ne, don haka zirin sakatar ma gajere ne, bindigar ta ɗan fi sauƙin ɗauka.

Amsa ta biyu:
Baba ya faɗi gaskiya, amma da girmamawa zan sauko ƙasa da shi. Mutumin da ya ce ba shi da jiki, kuma an riga an tsorata masa kafaɗa, .243 Winchester ta fi dacewa da shi. Kwanson .308 ne aka matse wuyansa a 1955, dukanta kusan rabin na uwar tata ne. Da harsashin giren 100 tana kayar da barewa sarai. Idan yana son tsaka-tsaki, ga 6.5 Creedmoor da Hornady ta fitar a 2007. Mutane sun cika yi mata kirari, har ta fara ba ni haushi, amma tana aiki.

Amsa ta uku:
Duk kuna ta maganar harsashi, ba wanda ya tambaye shi dokar inda yake. Malam, fara da wannan kafin ka zaro kuɗi. A Ingila da Wales, ga manyan nau'o'in barewa, doka ba ta yarda da harsashin da kaurinsa ya yi ƙasa da inci .240 ba, kuma akwai mafi ƙarancin ƙarfin da ta gindaya, don haka .243 tana bakin iyaka ne. A Amurka kowace jiha da nata: wasu suna taƙaita irin kwanson da za a yi farauta da shi, Kalifoniya kuma ta hana harsashin dalma a farauta tun 2019. Sannan ka sayi harsashin farauta mai buɗewa idan ya shiga jiki. Mai cikakkiyar rigar ƙarfe na filin atisaye ne, ratsa dabba yake yi ya bar ta tana wahala.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To wane kamfani? Na ga Remington 700, Tikka T3x, Savage 110 da Ruger American, kowanne da masu yabonsa.

Amsa ta huɗu:
Ɗan'uwa, duk huɗun da ka lissafa sun fi yawancinmu iya harbi. Remington 700 tun 1962 ake ƙera ta, kayan gyaranta ko'ina. Tikka daga Finland take, sakatarta sumul kamar an shafa mai. Savage da Ruger sun fi sauƙin kuɗi, kuma kunamarsu ana iya daidaita nauyinta. Sunan ba zai zaɓa maka ba. Ka je ka ɗauki kowacce, ka rufe ido, ka kai ta kafaɗa, ka buɗe. Idan idonka ya faɗa daidai kan layin saiti ba tare da ka miƙa wuya ba, ita ce. Ka gwada sanye da rigar da za ka shiga daji da ita, don kauri yana canza tsawon da hannunka ke buƙata. Kada ka ruɗu da mafi rashin nauyi, domin duk yadda bindiga ta yi shafal, haka dukanta ke ƙaruwa.

Amsa ta farko, ya dawo:
Abu ɗaya aka manta: madubin saiti. Kada ka zuba duk kuɗinka a bindiga ka ɗora mata madubin banza. Barewa da asuba da magariba take fita, lokacin da haske ya yi ƙaranci, a nan madubi mai kyau ke nuna kansa. 3-9x40, wato mai ƙara girman abu daga sau 3 zuwa sau 9, ya ishe ka, ka bar shi a kan 3 idan kana tafiya cikin itatuwa. Ka daidaita saiti a mita 100, ka gwada harsashi iri biyu ko uku, wanda ya fi taruwa wuri ɗaya ka riƙe shi, kada ka canza. Ka yi atisaye a durƙushe da a zaune, da jingina a sanda, don daji ba shi da tebur. Ka toshe kunne. Kuma kada ka taɓa kunama sai ka san abin da ke bayan dabbar, harsashin nan yana tafiyar fiye da kilomita uku.

Mai tambaya:
Na fahimta, Baba. Zan duba dokar tukuna, sannan in nemi wanda zai ba ni aron .243 da .308 in harba kowacce sau goma, in ga wadda ba ta sa ni runtse ido. Abokin nawa kuwa zan ce masa ya ci gaba da riƙe Magnum ɗinsa.