Da wane ma'auni ake gane gidan gyaran hali ya yi aiki?

Ummu_Walwala: Assalamu alaikum. Gidaje irin Borstal na Kaduna ko gidan ajiye yara na Goron Dutse a Kano, yaya ake gane aikinsu ya yi? Rahoton shekara yakan ce an yaye yara kaza, an koya musu ɗinki da kafinta. Wannan ya wadatar?

Malam_Rijista: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bai wadatar ba. Yaron da ke tsare dole ya yi ladabi, don haka natsuwarsa a cikin gida ba hujja ba ce. Awo daga ƙofa yake farawa. Cikin mako 2 na farko a rubuta ajin da ya tsaya, ko yana iya karanta sakin layi ɗaya, abin mayen da yake sha, da sau nawa aka kai shi caji ofis. A cika masa takardar SDQ ta auna hali da ɗabi'ar yara, mai tambayoyi 25, wadda makin matsalolinta ke tashi daga 0 zuwa 40. A maimaita ranar sallama, sannan bayan wata 3, 6 da 12. Na wata 12 shi ne mai faɗin gaskiya: yana makaranta ko wajen maigidan sana'a? A gida yake kwana? An sake kama shi?

Baba_Lissafi: Malam ya yi daidai, amma wajen rabawa ake yin coge. Misali, an karɓi yara 40, 10 suka tsere, aka sallami 30. Bayan shekara an samu 18 a waya, 15 daga cikinsu suna kan hanya madaidaiciya. Wanda ya raba da 18 zai ce kashi 83 ne. Da 40 kuwa, bai kai kashi 38 ba. Waɗanda suka ɓace galibi su ne suka koma ruwa. Tun ranar shiga a karɓi lambar 'yan'uwa uku da sunan mai unguwa, domin layin yaro ba ya shekara. Kuma kada ma'aikacin da ya raini yaron ya yi masa tambayoyin bibiya, kunya za ta sa ya ce lafiya lau.

Anti_Nas: Ƙarin bayani kan ƙwaya, Hajiya. Abin gwajin fitsari na gama-gari ba ya kama tramadol, sai an sayi mai layinta na musamman. Ita ma 'yan kwanaki kaɗan take nunawa, don haka kada a sanar da ranar gwaji. Wiwi kuwa takan daɗe makonni a jikin wanda ya saba da ita, sai a ɗauka ya koma alhali tsohon sha ne.