Neman shawara: yunifom ɗinmu ya ƙi zama a jikin kowa, tsofaffin kuma sun cika sito

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin shara da gyaran gine-gine, mu kusan 140 ne, kuma ni aka ɗora wa nauyin sauya yunifom. Wanda muke da shi ɗinki ɗaya ne, riga mai gajeren hannu da wando. An ce na maza da mata ne, amma ko makaho ya shafa ya san a jikin namiji aka auna shi. Mata na ɗora hijabi a kai har tambarin ya ɓace, masu juna biyu kan koma kayan gida, ga wani bawan Allah da hannunsa ɗaya ya shanye, kullum sai abokin aiki ya ɓalla masa maɓalli. Tsofaffin kuma buhu-buhu ne a sito, wasu ko sau biyu ba a sa su ba. Oga ya ce yana son kayan da ba sa cutar da muhalli, ɗan kwangila kuwa ya kawo samfurin yadin da aka yi da robar ruwa. In karɓa? Ta ina zan fara?

Tsohon tela

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye samfurin nan tukuna, ki nemi tef. Buhunan da ke sitonku ba lalacewa kayan suka yi ba, ƙin shiga jiki suka yi, kuma ko da wane irin yadi aka ɗinka sabon, in bai shiga jiki ba sito zai koma. Shekarun da na yi kan keke, ban taɓa ganin an ƙanƙanta rigar namiji ta zama ta mace ba: kafaɗa daban, ƙugu daban, tsawon hannu daban. A auna kowa, mace ta auna mata, a ɗaki, ba a tsakar ofis ba, kuma kada a kafe takardar awon inda kowa zai karanta.

Ki ce wa mai ɗinkin ya bar sarari a cikin ɗinki yadda za a iya buɗawa ko tsukewa, ya sa roba a bayan ƙugun wando, ya ninka ɗinki a hamata, aljihu da gwiwa, don nan ne kaya ke fara mutuwa. Aljihun mata ya zama na gaske, wanda waya da safar hannu za su shiga. Masu juna biyu kuma a ɗinka musu 'yan kaɗan a ajiye, wadda ta sauka lafiya ta wanke ta dawo da shi.

Malamin makaranta

Maganar Baba tela ta tuna mini NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. A Maris 2019 sun fasa fitar mata biyu tare zuwa wajen tashar sararin samaniya, saboda rigar da ta yi daidai da su guda ɗaya ce a shirye. Sai a Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka fita. In masu zuwa sama sun yi tuntuɓe kan awo, Hajiya kada ki ji kunya. Ni dai shawarata auduga zalla, a huta da roba.

Mai nazarin muhalli

Malam, a nan kam zan ɗan ja da kai. Auduga na da nata nauyin. Noman ta na shan ruwa da maganin ƙwari sosai, kuma karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga tun shekarun 1960 shi ne ya ƙafar da mafi yawan tekun Aral da ke tsakiyar Asiya.

Yaya mai tambaya, yadin da aka kawo miki foliyesta ne. Asalin foliyesta man fetur ne, sinadari ɗaya da robar ruwa, kuma yau ya haura rabin zaren da duniya ke samarwa. Wanda aka yi da tsohuwar roba ya fi sabo sauƙi wajen makamashi, wannan gaskiya ne. Amma duk wanki sai ya zubar da ƙananan zaruruwan roba da ke bin ruwa su tafi, kuma robar da za ta iya sake zama roba, da zarar ta zama riga yawanci tafiyarta ta ƙare. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya ce abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wani dalilin shi ne gauraye: in aka saƙa auduga da foliyesta tare, raba su aiki ne ja.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Gaurayen nan shi ya fi jure wanki da bushewa da wuri, kuma ga mai shara wannan ba ƙaramin abu ba ne. Binciken WRAP, wata ƙungiyar rage shara ta Birtaniya, ya nuna ƙara wa tufa wata tara na amfani yana rage ɓarnarta ta hayaƙi, ruwa da shara da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Don haka ni ba zan tsine wa gauraye ba in zai shekara uku a jiki. Ki tambayi ɗan kwangila abu uku a rubuce: kashi nawa ne tsohuwar roba a yadin, akwai shaidar OEKO-TEX cewa an gwada shi kan sinadarai masu cutarwa, kuma an shafa masa sinadaran da ake kira PFAS don hana tabo? In an shafa, ki ce a cire, sinadaran nan ba sa ruɓewa. In ya fara kame-kame, kin sami amsarki.

Ma'aikaciyar jinya

Anti, hijabin ki sa shi cikin yunifom ɗin, launin kamfani, yadi mara nauyi mai shan gumi, kada ya zama alfarmar da ake roƙa. Ba sabon abu ba ne, kamfanin jiragen sama na British Airways ma da suka fito da sabon yunifom a 2023 akwai hijabi da doguwar riga cikin zaɓin. Amma ki kula da tsaro. Mai aiki kusa da inji ba ta buƙatar mayafi mai reto ko allura a wuya, a yi gajere mai shiga cikin kwala, mai ɓallewa da kansa in an fizge shi. Haka doguwar riga ga mai hawa tsani, ta tsaya a gwiwa da wando a ƙasa. Sannan a buɗe zaɓin ga kowa: dogon hannu ko gajere, wando ko siket, ba sai mutum ya bayyana dalilinsa ba.

Masu walda ko aikin lantarki a cikinku kuwa, kada foliyesta ya kusance su. Narkewa yake ya manne a fata.

Mai keken guragu

Ɗan uwan nan mai hannu ɗaya, ku tambaye shi da kansa, a keɓe. Wataƙila Velcro, wato maɗaurin nan mai mannewa da kansa, yake so a ɓoye ƙarƙashin maɓallan ado, ko zif mai zobe da yatsa ɗaya zai ja. Akwai maɓallin maganaɗisu, yana da daɗi, amma ba a ba mai na'urar bugun zuciya. Mu masu wuni a zaune, wando mai tsawo ta baya muke so, ba aljihun baya, ba ɗinki mai kauri, don yana jawo gyambo. Roƙona ɗaya, launi da fasali su zama irin na kowa. Ba na son rigata ta riga ni yin bayani.

Mai gadi

Tsofaffin nan kada a raba su da tambari a jiki, ɓata-gari na shiga gini da su. A farke tambarin, masu kyau a bayar, matattun a yanka su tsumman goge-goge, ai ku kamfanin shara ne. Sabon kuma a yi bajo mai cirewa, riga ɗaya sai ta yi wa mutum biyu aiki.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri. Na buɗe buhu uku yau, rabi sababbi ne fil, ƙanana ne kawai. Zan ba mutum goma samfuri su sa na wata guda, da mai shara da mai walda da mai juna biyu a ciki, kafin a sa hannu kan komai. Baba tela, rigunan nan da suka yi kaɗan, za a iya ƙara musu yadi a gefe, ko launin ba zai zo ɗaya ba?

Tsohon tela

Ba zai zo ɗaya ba. Ki sa wani launi daban da gangan, duka gefe biyu, sai ya zama kamar ado. Ki fara gwadawa da guda biyar.