Ƙwarin da suka cinye min wake, wane iri ne?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na buɗe buhun waken da na sayo a Dawanau da kaka, sai ga ƙananan ƙwari suna ta yawo, waken duk ya huje. Na azumi na ajiye, wallahi raina ya ɓaci. Maƙwabciyata ta ce irin na masara ne. Ya ake bambance su?

Ɗan Dawanau: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Zuba kaɗan a farar takarda ki dubi kan. Na masara yana da dogon baki siriri kamar hancin giwa, da ɗige huɗu jaja-jaja a gadon baya. Na wake ba shi da wannan bakin. Ɗan dunƙulalle ne, kamar milimita 3, kuma fikafikansa ba sa rufe ƙarshen jikinsa. Duba waken ma, za ki ga fararen ƙwai a manne, da huji zagayayye fes.

Maman 'Yan Biyu: Ikon Allah! Ga ƙwan nan kuwa, kamar an barbaɗa gishiri. Bakinsa kuma guntu ne.

Malamin Gona: To na wake ne. Shi da buzuzu da hangara dangi ɗaya ne, alamarsu fikafikan sama, galibi masu tauri, da ke haɗuwa a miƙe a tsakiyar baya. Kyankyaso ba ya cikinsu, nasa hawan juna suke yi. Buzuzu kuwa da ƙafafunsa na gaba ake gane shi, masu faɗi da haƙora, da su yake haƙa. Ina ba kowa shawarar sayen ɗan madubin ƙara girma, ko a ɗauki hoto da waya a ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girmansa, sannan a ɗora a iNaturalist, manhajar da ake tura hotunan ƙwari da sauran halittu don a gano irinsu.

Alhaji na Ƙofar Ruwa: Malam, ja musu kunne kan hangara. Dogon jiki, siririn wuya, fiffike mai laushi. Jikana ya murƙushe ɗaya a wuyansa da damina, da safe wurin ya tashi kamar ƙunar wuta. A hure ta kawai, kada a matse.

Ɗan Dawanau: Hajiya, tankaɗe na kirkin, ki shanya a rana mai zafi, ki zuba a buhun PICS mai ninki uku ki ɗaure tam. Iska na ƙarewa suke mutuwa, ba sai an sa magani ba.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Gobe da hantsi zan shanya, in sha Allah.