Neman shawara: da wane ma'auni za mu auna masu neman ƙuri'armu a zango?

Sakatariyar ƙungiyar adashin mata, Kumasi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙungiyarmu ta mata ce a nan Kumasi, ƙasar Ghana, mun haura 60, yawancinmu masu koko da ƙosai ne, da masu wake da shinkafa, da masu ɗinki da 'yan tebur. Masu shirin tsayawa takara sun fara aiko mana cewa suna so su zo zamanmu na ranar Lahadi mu gaisa. Mun san irin gaisuwar, atamfa ce da buhun shinkafa da ambulan. A wannan karon mata sun ce a yi musu maganar adalci, domin kullum ana yankar mana tikiti a kasuwa, amma gotar layinmu a toshe take, damina na sauka ruwa ya shiga ɗakuna. Masu gida suna neman adibas na shekara biyu. Muna da tsofaffi da ba su da kowa, kuma ba sa cikin LEAP, shirin tallafin kuɗi da gwamnati ke ba marasa hali. Duk wanda ya zo sai ya ce shi ne mai kishin talaka. Wace tambaya za mu yi wa wane, kuma ta yaya za mu gane amsa ta gaskiya?

Tsohon ma'aikacin sashen kasafi na asambuli

Wa alaikumus salam 'yata. Inda ake cutar zango tun farko shi ne a bar ku ku tambayi mutum abin da ba ya hannunsa, ya yi alkawari cikin sauƙi, gobe ya ce ba shi ne da iko ba. Don haka ku fara rarrabe kujerun.

Asambuliman, wato wakilin unguwarku a asambuli (ƙaramar hukuma), ku ne kuke zaɓensa, ba a ƙarƙashin jam'iyya ba, duk shekara huɗu; zaɓen ƙarshe an yi shi a Disamba 2023. Ba shi da baitulmali. Ƙarfinsa shi ne ƙuri'arsa a zauren asambuli, inda ake amincewa da kasafin shekara da kuma ƙudurin da ke tsayar da kuɗin tikiti da lasisi, wanda ma'aikata ke kira fi-fiksin. Tikitin da ake yankar muku daga can farashinsa yake fitowa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, Act 936, ta ɗora masa ya gana da mutanen yankinsa kafin zaman asambuli, ya kuma dawo ya ba su rahoto, alhali zama na yau da kullum bai gaza uku a shekara ba. To ga tambaya mai sauƙi ga mai ci: sau nawa ka tara mu tun da ka hau, a ina, ranar yaushe?

MCE kuwa, wato shugaban gunduma, ba ku kuke zaɓensa ba. Shugaban ƙasa ke naɗa shi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan asambulin da suka halarta suka yi ƙuri'a su amince. Shi ke riƙe da zartarwa. Ɗan majalisar ƙasa aikinsa doka da kasafin ƙasa da sa ido kan gwamnati. Yana da ɗan kaso daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, amma kuɗin ta asusun asambuli suke bi, don haka akwai takarda a kan kowane sidi. Ku ce ya kawo jerin abin da aka yi da kasonsa shekara-shekara, da sunan unguwa.

Shi wannan asusu, sashe na 252 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, a raba wa gundumomi 261 bisa tsarin da majalisa ke amincewa da shi duk shekara. Abin da ke lalata shi abu biyu ne: jinkirin sakin kuɗin, wanda ya kamata a yi duk wata uku, da kuma yanke wani ɓangare tun daga Accra kafin ya iso. Shi ya sa za ku ga gini ya tsaya a linta shekara biyu. A kasafin 2025 gwamnati ta yi alkawarin tura kashi 80 kai tsaye ga asambuloli. Wannan abu ne da za ku tambayi ɗan majalisa ko ana cika shi.

Batun gota, ku duba wace iri ce tukuna. Ƙaramar gotar cikin layi ta asambuli ce. Wadda ke gefen babban titi ta sashen titunan birni ce, Urban Roads. Babbar magudana irin rafin Aboabo tana ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da gidaje. Asambuliman da ya ce zai gina muku babbar magudana, ko bai san aikin ba ko ya raina ku.

Sannan ku nemi takarda uku: shirin raya gunduma na shekara huɗu, kasafin bana, da rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa kan asusun bai-ɗaya. Idan kuna ɓangaren Aboabo, Sawaba ko Asawase, asambulinku Asokore Mampong ce, wadda aka cire daga KMA, asambulin birnin Kumasi, a 2012. Idan kuna tsakiyar gari, KMA ce. Aikin da ba ya cikin shirin nan da wuya ya samu kuɗi, komai daɗin bakin mai alkawari. Ku rubuta wa jami'in bayanai ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayani ta 2019, Act 989. Yana da kwana 14 ya amsa, kuɗin kwafi kawai za ku biya, wadda ba ta iya rubutu ba kuma tana iya faɗa da baki ya rubuta mata. Ku tabbata an buga hatimi da kwanan wata a kwafinku, don rashin wannan hatimin ne ke sa a ce wasiƙa ba ta iso ba.

Akanta, Asawase

Baba ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara girma, amma ina da ƙari. Kuɗin asambuli ɗan kaɗan ne idan aka gwada da abin da ake ɗiba daga aljihun Hajiya ba tare da ta ga rasit ba. VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan da muke saya, ya tashi daga kashi 12.5 zuwa 15 a farkon 2023, ga harajin inshorar lafiya kashi 2.5, ga na GETFund, asusun ilimi, kashi 2.5. Ɗanyen abincin gona ba ya ciki, amma sabulu, katin waya, leda, kwano, duk suna ciki. Mai koko da ke kashe duk abin da ta samu a ranar tana biyan haraji a kan babban kaso na kuɗinta, mai albashi babba kuwa yana ajiye rabi. Farashi ɗaya, nauyi daban. Nan ne ainihin maganar adalci take.

Don haka mai neman majalisa ko wakilin mai neman shugabanci, kada ku tambaye shi me zai ba ku. Ku ce: abin da ka ce za ka yi, daga wane haraji kuɗinsa zai fito, kuma wa zai biya? Wanda ya ce zai soke haraji ya kuma ƙara kyauta bai faɗi inda zai cike gurbin ba, bashi yake nufi, kuma mun ga ƙarshen bashi: hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba 2022, jarin mai tebur ya narke a hannunta. Harajin momo, wato na tura kuɗi ta waya, misali ne cewa ƙuri'a na aiki a nan. Ya fara a kashi 1.5 a Mayu 2022, ya sauka zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilu 2025 bayan ya zama maganar zaɓe.

Wani abu kuma: mafi ƙarancin albashi na 2025 sidi 19.97 ne a rana, wato kusan 539 a wata idan aka lissafa kwana 27. Ko wannan ma bai shafi kayaye, mata 'yan dako, da masu talla ba, don ba su da takardar ɗaukar aiki. Ku tambaye su me suka tanada wa mai sana'ar kanta idan ta tsufa ko ta kwanta ciwo.

Malamar makarantar boko, Sawaba

Yaya, kada ku manta da yara. Babbar sakandare kyauta ta fara a Satumba 2017, kuma alheri ce, amma ƙofar shiga ita ce BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sannan kwamfuta ta raba yara bisa maki. Yaron da ya yi firamare a aji mai cunkoso, babu isassun benci, ba zai yi gogayya da na makarantar kuɗi ba. Shi ya sa aka ware kashi 30 na guraben fitattun makarantun sakandare ga yaran makarantun gwamnati. Ku tambaya ko za su kare wannan kaso. Gina azuzuwa da benci na firamare kuwa nauyin asambuli ne. Kafin ranar Lahadi ku tura mata biyu makarantar unguwarku, har da ta sashen ilimin Musulunci in akwai, su tambayi hedimasta yara nawa ne a aji ɗaya, benci nawa, akwai bayan gida na 'yan mata, ana ciyarwa ko ba a yi. Da wannan lissafin za ku tare su.

Ɗan'uwa daga Alabar

Maganar haya a taƙaice: dokar haya ta 1963, Act 220, ta hana karɓar adibas fiye da na wata shida. Ofishin kula da haya, Rent Control, ke sauraron ƙara. Abin da ke kashe dokar shi ne ƙarancin ɗakuna, mai haya na tsoron in ya yi magana a ba wani. Kuma yawancinmu ba mu karɓar rasit, ƙara kuwa ba ta tsayuwa babu shi. Ɗan majalisa ne za ku tambaya kan gyaran dokar, ba asambuliman ba.

Sakatariyar ƙungiyar adashin mata, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. Saura biyu. Tsofaffin nan, wani ya ce in mun mara masa baya zai sa sunayensu a LEAP. Sannan atamfa da ambulan, mata sun rabu: wasu sun ce a karɓa ai kuɗinmu ne, wasu sun ce a mayar.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a

Ƙanwata, wanda ya faɗa muku haka yana sayar muku da abin da ba nasa ba. LEAP, tun da aka fara shi a 2008, na gidajen da ke cikin matsanancin talauci ne masu ɗauke da tsoho ɗan shekara 65 zuwa sama, ko mai naƙasa mai tsanani, ko marayu, ko mai ciki da jariri ƙasa da shekara ɗaya. Ana shiga ne ta hanyar tantance gidaje da tambayoyi, ba ta wasiƙar ɗan siyasa ba, kuma ba kowace unguwa ake buɗe rajista a lokaci ɗaya ba. Ku rubuta sunayen tsofaffin da shekarunsu da lambar Ghana Card, katin ɗan ƙasa, ku kai ofishin jin daɗin jama'a na asambulinku, ku tambayi ko unguwarku na cikin shirin, in ba ta ciki yaushe za ta shiga.

Abin da za ku iya yi yau ɗin nan shi ne NHIS, inshorar lafiya ta ƙasa. Ɗan shekara 70 zuwa sama, yaro ƙasa da 18, mai ciki da wanda aka tabbatar ba shi da hali ba sa biyan kuɗin inshorar na shekara. Ana sabuntawa ta waya da *929#. Matsalar da aka fi samu ita ce kati ya mutu ba a sani ba sai an isa asibiti da dare. Ku sa mace ɗaya a ƙungiya ta riƙe littafin ranakun ƙarewar katunan. Masu naƙasa kuma suna da kasonsu na musamman a asusun bai-ɗaya, ana cike fom a ofishin jin daɗin jama'a.

Mai aikin shari'a, Adum

Hajiya, dokar zaɓe ta 1992, PNDCL 284, ta ɗauki ba da kuɗi ko kaya don a sayi ƙuri'a a matsayin laifi, kuma laifin ya haɗa da mai karɓa. Ra'ayina kada ƙungiya ta karɓa da sunanta, musamman in an haɗa da rantsuwa ko neman lambar katin zaɓe. Ƙuri'a a ɓoye ake kaɗa ta, babu wanda zai san inda yatsa ya sauka, kuma kada kowa ta yarda ta ɗauki hoton takardarta. Bayan doka ma, bakin da ya ci ba ya iya tambaya.

Abu biyu da suka shafi zango kai tsaye ku saka a jerinku. Na ɗaya, Asusun Raya Zango da aka kafa da Act 964 ta 2017: nawa aka ware masa a kasafi, nawa aka saki, wane aiki ya zo Kumasi? Warewa da saki ba ɗaya ba ne, nan ake ɓoye gaskiya. Na biyu, takardun zama ɗan ƙasa. Tun korar baƙi ta 1969 zamanin firaminista Busia, ɗan zango yana shan tambayar daga ina kakanka ya zo, kuma wanda aka hana Ghana Card an rufe masa banki da layin waya. Duk wanda aka hana saboda sunansa ko yarensa yana iya kai ƙara CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, kyauta. Ku tambayi 'yan takarar kowane ɓangare me za su yi a kai, kada tarihin 1969 ya sa wata jam'iyya ta ɗauka ta gaje ku, wata kuma ta ɗauka ba ta da rabo a wurinku.

Tsohon ma'aikacin sashen kasafi na asambuli

Ranar zaman, 'yata, ku gayyace su ɗaya bayan ɗaya, minti 30 kowa, tambayoyi iri ɗaya, kada su wuce biyar. Ku hana shigowa da 'yan rakiya masu tafi, mutum biyu sun isa. A yi da Hausa don tsofaffi su ji da kunnensu. Kowace amsa ku nemi abu uku a cikinta: wane ofishi, wane kuɗi, wane wata. Ki rubuta a littafin ƙungiya, ki karanta masa a gaban kowa, ya sa hannu. Wanda ya ƙi sa hannu ki rubuta cewa ya ƙi, da kwanan wata. Kwafi ɗaya wurin limamin unguwa, ɗaya wurin magajiya, sannan ku tsayar da ranar da wanda ya ci zai dawo bayan wata shida a buɗe littafin.