Cikina yana ƙullewa da dare a mako na 33, naƙuda ce ko me?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mata da ungozomomi. Don Allah ina neman shawara. Cikin fari ne, yau makona 33.

Kwana biyar ke nan, da zarar na kwanta sai cikin ya ƙulle ya yi tauri kamar dutse, kusan daƙiƙa talatin, sannan ya saki. Ba ciwo sosai, amma numfashina har sama yake yi. Idan na tashi na sha ruwa na ɗan zagaya ɗaki, sai ya lafa. A wajen awo an ce mahaifa ce take gwaji, tunda ba ya zuwa a jere kuma ba ya ƙaruwa. To jiya sau huɗu ya yi cikin awa ɗaya, nan hankalina ya tashi, domin na san naƙuda kafin mako 37 haihuwar bakwaini ce. Ba jini, ba ruwa, yaron ma yana shure-shurensa a ƙasan mara, don hoton da aka yi ya nuna a zaune yake, bai juyo ba tukuna.

Ƙafafuna sun kumbura, takalmina ma ba ya shiga, amma jinina bai hau ba, 118/76 ne.

Sau nawa zai ƙulle kafin in bar jiran ranar awo in tafi asibiti? Kuma waɗanda yaransu suka zauna haka, a mako na nawa suka juya?